Yadda Ake Ajiye Bayanan Manhaja a RAM da ZODB Ba Tare da SQL Ba

Yawancin masu koyon Python, da zarar sun kai matakin ajiye bayanai, sai a tura su SQL: a zana teburi, a raba bayanan mutum ɗaya gida uku, sannan a rubuta wata doguwar hanya ta sake haɗa su duk lokacin da ake buƙata. Ga babbar manhaja wadda ma'aikata da yawa ke ciro rahoto iri-iri daga cikinta, wannan wahalar tana biyan kuɗinta. Ga ƙaramar manhaja kuwa, kamar ta littafin bashin shago ko rajistar ɗalibai, sau da yawa aikin fassara tsakanin objek da tebur ya fi ainihin aikin yawa.

Rumbun bayanai na objek yana cire wannan fassarar. Abin da ka gina da `class`, shi ake ajiyewa yadda yake, da duk alaƙarsa da sauran objek. An yi irinsu da dama. A Java akwai Prevayler, akwai kuma db4o wanda kamfanin Versant ya saya a 2008, daga baya Actian ya daina tallafa masa a 2014. Masu JavaScript sun san LokiJS. A Python kuwa akwai ZODB, wanda Jim Fulton ya jagoranci ginawa tun ƙarshen shekarun 1990 domin Zope, wani tsarin gina manhajojin yanar gizo, kuma har yanzu Plone, manhajar tafiyar da shafukan yanar gizo, a kansa yake zaune. Shi za mu yi amfani da shi, saboda yana ba ka damar fara komai a cikin RAM, sannan ka koma kan faifai da sauya layi ɗaya tak. Misalinmu littafin bashi ne na ƙaramin shago.

Mataki na 1: Shigar da shi

Buɗe keɓaɓɓen muhalli domin kada kayan wannan aikin su cakuɗe da na wani:

```
python -m venv wuri
source wuri/bin/activate
pip install ZODB
```

A Windows layi na biyu zai zama `wuri\Scripts\activate`. Umarnin `pip` zai jawo `persistent`, `BTrees` da `transaction` tare. Babu sabar da za ka kunna, babu kalmar sirri, babu wani saiti.

Mataki na 2: Rubuta ajujuwan bayananka a fayil nasu na daban

Ƙirƙiri fayil mai suna `samfura.py`:

```python
from datetime import date
from persistent import Persistent
from persistent.list import PersistentList

class Kwastoma(Persistent):
    def __init__(self, lamba, suna):
        self.lamba = lamba
        self.suna = suna
        self.bashi = 0
        self.tarihi = PersistentList()

    def ci_bashi(self, kaya, kobo):
        self.tarihi.append((date.today().isoformat(), kaya, kobo))
        self.bashi += kobo

    def biya(self, kobo):
        if kobo > self.bashi:
            raise ValueError("Biya ya fi bashi")
        self.tarihi.append((date.today().isoformat(), "biya", -kobo))
        self.bashi -= kobo
```

Abu ɗaya ne ya bambanta wannan da ajin Python na yau da kullum: ya gaji `Persistent`. Wannan gadon ne ke sa ZODB ya lura duk lokacin da ka sauya wani sashe na objek ɗin.

Lura da cewa kuɗin a kobo muke ƙirga shi, da cikakkiyar lamba. Naira 2,500 za ta shiga a matsayin 250000. Rubuta `0.1 + 0.2` a Python ka ga amsar: 0.30000000000000004. Irin wannan ɓarɓashin, idan ya taru a lissafin bashi, rigima yake jawowa tsakanin mai shago da kwastoma.

Batun fayil na daban kuma ba ado ba ne. ZODB yana ajiye objek da tsarin `pickle`, hanyar Python ta mayar da objek zuwa bayanan da za a iya ajiyewa, kuma yana rubuta sunan ajin haɗe da sunan fayil ɗin da yake ciki, wato `samfura.Kwastoma`. Idan ka rubuta ajin a cikin fayil ɗin da kake kunnawa kai tsaye, za a rubuta shi da sunan `__main__.Kwastoma`, kuma ranar da ka buɗe rumbun daga wani fayil, ba za a gane shi ba.

Mataki na 3: Gina wurin zuba su

Kwastoma ɗaya ba shago ba ne, ana buƙatar abin da zai riƙe su duka. Kada ka yi amfani da `dict` na Python a nan. Duk lokacin da ka ƙara mutum ɗaya, za a sake rubuta shi gaba ɗaya, ko da mutum dubu goma ne a ciki. `BTrees` kuwa, wato ma'ajiyoyi masu fasalin bishiya, suna rarraba bayanan zuwa ƙananan bokitai, sai bokitin da aka taɓa kaɗai ake sake rubutawa. Ƙara wannan a `samfura.py`:

```python
from BTrees.IOBTree import IOBTree
from BTrees.OOBTree import OOBTree
from BTrees.Length import Length

SAUYI = str.maketrans("ɓɗƙƴ", "bdky")

def mabudi(rubutu):
    return rubutu.strip().lower().translate(SAUYI)

class Shago(Persistent):
    def __init__(self):
        self.kwastomomi = IOBTree()
        self.ta_suna = OOBTree()
        self.adadi = Length()

    def sabon_kwastoma(self, suna):
        lamba = self.kwastomomi.maxKey() + 1 if self.kwastomomi else 1
        k = Kwastoma(lamba, suna)
        self.kwastomomi[lamba] = k
        self.ta_suna[(mabudi(suna), lamba)] = k
        self.adadi.change(1)
        return k

    def nemo(self, farko):
        f = mabudi(farko)
        return list(self.ta_suna.values(min=(f,), max=(f + "\uffff",)))
```

Haruffa biyun farko na sunan bishiyar suna faɗin abin da take karɓa. A `IOBTree` mabuɗin cikakkiyar lamba ce, abin da ke ciki kuma kowane irin objek. A `OOBTree` mabuɗin ma objek ne, muddin ana iya jera shi. Lambar da `IOBTree` ke ɗauka tana tsayawa a 2,147,483,647, don haka kada ka sa lambar wayar Najeriya a matsayin mabuɗi a cikinta: ta fi ƙarfinta, ga sifilin farko zai ɓace. Idan da lambar waya kake son nemo mutane, ajiye ta a matsayin rubutu a cikin `OOBTree`.

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci cinikin da aka yi. A SQL kana rubuta tambaya, injin ya nemo maka amsa. A ZODB babu harshen tambaya ko kaɗan. Duk hanyar da kake son bi ka nemo abu da sauri, kai ne za ka gina mata fihirisa, kuma kai ne za ka riƙa gyara ta. Shi ya sa `ta_suna` take nan. Ba kwafin kwastoma ne a cikinta ba, nuni ne zuwa ga objek ɗaya da ke cikin `kwastomomi`, don haka idan bashinsa ya sauya, ta ko'ina ka duba za ka ga sabon adadi. Amma idan ka sauya sunansa, dole ka goge tsohon mabuɗin ka sa sabo, in ba haka ba za a ci gaba da nemansa da tsohon suna. Shawarata ita ce duk wani sauyi da ya shafi fihirisa ya bi ta cikin aikin da ke jikin `Shago`, kada a bar kowa ya taɓa `k.suna` kai tsaye.

Mabuɗin ya haɗa suna da lamba saboda mutum biyu suna iya yin suna ɗaya, kuma da suna kaɗai na biyun zai danne na farko. Aikin `mabudi` kuma yana magance matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Python yana jera rubutu ne bisa lambar Unicode, kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk lambobinsu sun wuce ta z, saboda haka sunan da ya fara da Ɗ zai faɗa can ƙarshen jeri. Ga shi kuma yaron shago ba lallai madannin wayarsa ya kasance da waɗannan haruffan ba. Idan aka mayar da su b, d, k, y a cikin mabuɗin kawai, sunan yana nan da lanƙwasarsa wajen nunawa, bincike kuma ya samu ko ta yaya aka rubuta.

`Length` kuma saboda `len()` a kan bishiya sai ya bi bokitai ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, abin da zai loda su duka.

Mataki na 4: Buɗe rumbun a RAM

A wani fayil, `gwaji.py`:

```python
import ZODB, transaction
from samfura import Shago

db = ZODB.DB(None)
hadi = db.open()
hadi.root.shago = Shago()
transaction.commit()

k = hadi.root.shago.sabon_kwastoma("Malam Wane")
k.ci_bashi("shinkafa", 1500000)
transaction.commit()
```

`None` ɗin nan shi ke cewa kada a taɓa faifai, komai ya zauna a RAM. `root` shi ne tushe. Duk abin da za a iya isa gare shi daga tushen za a ajiye shi, abin da bai rataya a jikinsa ba kuma ba za a ajiye ba. Ba ka ce a ajiye `k` ba, amma tunda yana cikin bishiyar da ke cikin shagon da ke jikin tushe, ya shiga.

`commit` kamar kalmar "na sallama" ce a kasuwa: kafin a furta ta ana iya fasa ciniki, bayan an furta ta kaya sun zama na mai saye. Fasawar ita ce `abort`:

```python
k.ci_bashi("sukari", 250000)
print(k.bashi)
transaction.abort()
print(k.bashi)
```

Na farko zai nuna 1750000, na biyu ya koma 1500000, kuma layin sukari zai fita daga tarihi. Ba ka rubuta komai na mayar da baya ba.

Akwai hanya mafi tsafta wadda ita ya kamata ka saba da ita:

```python
with db.transaction() as h:
    h.root.shago.kwastomomi[1].biya(500000)
```

Idan komai ya tafi daidai, za a tabbatar da sauyin a rufe haɗin. Idan kuskure ya taso a tsakiya, kamar biyan da ya fi bashi, za a fasa duka. Ba za a taɓa samun an rage bashi ba tare da an rubuta a tarihi ba.

Mataki na 5: Tarkon da ya fi kama mutane

ZODB yana gane sauyi ne idan ka ba wani sashe na objek sabuwar ƙima, kamar `self.bashi = 5`. Idan sashen `list` ne na Python zalla, ka yi masa `append`, objek ɗin bai san an yi komai ba. A zaman da kake ciki za ka ga abin ya ƙaru, ka yi `commit`, babu ƙorafi. Sai an rufe an sake buɗewa, ko an fitar da objek ɗin daga ma'ajiyar kusa (cache, wurin da ZODB ke riƙe objek a RAM), sannan ka tarar babu shi.

Abin da ke sa wannan kuskuren wahalar ganowa shi ne yana ɓuya. A `ci_bashi` na sama, ko da `list` zalla aka sa, za a ajiye shi, saboda layin `self.bashi += kobo` ya riga ya sanar cewa objek ɗin ya sauya. Sai ranar da ka rubuta wani aiki da ke taɓa tarihi kaɗai, nan bayanai za su fara zubewa. Mafita uku ce: ka yi amfani da `PersistentList` da `PersistentMapping`, ko ka rubuta `self._p_changed = True` bayan sauyin, ko ka yi amfani da `tuple` ka riƙa sake ba shi ƙima. Ta farko ta fi kwanciyar hankali.

Ita ma `PersistentList` gaba ɗayanta ake sake rubutawa a kowane sauyi. Ga tarihin kwastoma mai layi ɗari babu damuwa. Ga tarihin cinikin shago na shekaru, sai bishiya.

Wani abin amfani: sashen da sunansa ya fara da `_v_` ba a ajiye shi, kuma yana iya ɓacewa kowane lokaci. Wurin ajiye sakamakon lissafin da za a iya sake yi ne. Sunayen da suka fara da `_p_` kuwa na ZODB ne, ka bar masa.

Mataki na 6: Koma kan faifai

Rumbun da ke RAM kaɗai yana mutuwa tare da manhajar. A ɗauke wuta, ko batir ya ƙare, ko manhajar ta tsaya, shi ke nan. Ya dace da gwaje-gwaje, da bayanan wucin gadi, da abin da za a iya sake lodawa daga wani wuri. Bai dace da bashin mutane ba. Sauyin layi ɗaya ne:

```python
db = ZODB.DB("Data.fs", cache_size=50000)
with db.transaction() as h:
    if not hasattr(h.root, "shago"):
        h.root.shago = Shago()
```

Binciken `hasattr` ɗin wajibi ne yanzu, in ba haka ba kowace kunnawa za ta maye gurbin shagon da sabo fanko.

Fayil ɗin `Data.fs` ba a gyara shi a tsakiya, kowane sabon sauyi a ƙarshensa ake liƙawa. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, wutsiyar da ba ta kammala ba ce kaɗai za a yanke wajen buɗewa na gaba, abin da aka tabbatar a baya yana nan. Za ka ga wasu fayiloli sun bayyana kusa da shi masu ƙarewa da `.index`, `.lock` da `.tmp`. Na `.lock` shi ke hana manhaja biyu buɗe rumbu ɗaya don rubutu a lokaci guda.

Saurin RAM kuma bai tafi ba. Kowane haɗi yana riƙe da objek ɗin da aka taɓa kwanan nan a ma'ajiyar kusa, kuma idan ba ka faɗa ba, yana ƙoƙarin tsayawa a 400 ne kawai. Waɗanda suka yi yawa sai a mayar da su fatalwa, haka ZODB ɗin ke kiransu: ɓawon objek ɗin yana nan, cikinsa an zubar, sai an taɓa shi a sake lodawa. Idan ka ɗaga `cache_size` ya zarce yawan objek ɗinka, bayan an karanta kowanne sau ɗaya, karatu duk daga RAM yake zuwa, rubutu kaɗai ke zuwa faifai. Ga ƙaramar manhaja wannan ne saitin da na fi so. Ka dai tuna kowane haɗi da tasa ma'ajiyar, haɗi huɗu na nufin cin RAM ninki huɗu.

Akwai kuma hanya ta uku, mai daɗi wajen gwaji da bayanan gaske:

```python
from ZODB.FileStorage import FileStorage
from ZODB.DemoStorage import DemoStorage

tushe = FileStorage("Data.fs", read_only=True)
db = ZODB.DB(DemoStorage(base=tushe))
```

Karatu daga fayil ɗin gaske yake zuwa, amma duk abin da ka rubuta a RAM yake tsayawa. Ka goge rabin kwastomomi, ka gwada sabon lissafi, ka rufe, fayil ɗin bai san an yi ba.

Mataki na 7: Idan mutum biyu suna aiki lokaci guda

Kowane zaren aiki (thread) ya buɗe nasa haɗin, kada a raba haɗi ɗaya, kada kuma a miƙa objek daga wani haɗi zuwa wani. ZODB ba ya kulle objek yayin da kake aiki a kansa. Yana barin kowa ya yi nasa, sai a wajen `commit` ya duba. Idan wani ya riga ka sauya objek ɗin da kai ma ka sauya, za ka samu `ConflictError`, maganinsa kuma sake gwadawa:

```python
for gwaji in transaction.manager.attempts(3):
    with gwaji:
        hadi.root.shago.kwastomomi[1].biya(100000)
```

Tunda abin da ke cikin wannan shingen ana iya maimaita shi, kada ka sa tura saƙon tes ko buga rasit a ciki, kwastoma zai iya samun saƙo biyu kan biya ɗaya. Yi waɗannan bayan an fita daga madaukin. A kan `FileStorage`, `Length` da bishiyoyin suna iya sasanta wasu rikice-rikicen da kansu, misali mutum biyu su ƙara adadi a lokaci guda. Idan aikin ya girma har manhajoji daban-daban suna buƙatar rumbu ɗaya, akwai ZEO, sabar da ke ba su damar yin tarayya a rumbun, akwai kuma RelStorage da ke zuba objek ɗin a cikin PostgreSQL ko MySQL, ajujuwanka kuma ba za su sauya ba.

Mataki na 8: Sauya fasalin aji bayan an tara bayanai

Ƙara sabon sashe abu ne mai sauƙi. Tsofaffin kwastomomi ba su da shi, don haka ba shi ƙima a matakin aji:

```python
class Kwastoma(Persistent):
    unguwa = None
```

Sauya sunan aji ko na fayil ɗinsa shi ne mai haɗari, saboda tsofaffin bayanan suna neman tsohon suna, kuma za su dawo a matsayin karyayyun objek. Ko ka bar tsohon sunan yana nuni zuwa sabon, ko ka yi amfani da `zodbupdate`, kayan aikin da ke gyara tsofaffin sunayen a cikin rumbun. Zaɓi suna mai kyau tun farko ka huta.

Nan ne kuma wurin faɗin inda ZODB bai dace ba. Idan mai shago zai riƙa zuwa kullum da sabuwar tambaya, yau jimillar sukari na watan jiya, gobe wanda ya fi kowa jinkirin biya, ko kuma wata manhajar da ba da Python aka rubuta ta ba za ta karanta bayanan, SQLite ya fi dacewa, kuma shi ma yana aiki a RAM idan ka ba shi `:memory:` a matsayin sunan fayil.

Mataki na 9: Shara da kwafin ajiya

Tunda ana liƙa sauyi ne a ƙarshe, `Data.fs` girma kawai yake yi. Lokaci zuwa lokaci, da dare ko bayan an rufe shago, a share tsofaffin zubi:

```python
db.pack(days=7)
```

Wannan zai bar bayanan yanzu da tsofaffin zubin kwana 7 na ƙarshe ya zubar da sauran tsofaffin zubin, ya kuma ajiye tsohon fayil ɗin da sunan `Data.fs.old`, don haka ka tabbata akwai fili a faifai kafin ka fara.

Don kwafin ajiya, ZODB yana zuwa da `repozo`, wanda ke aiki ko da rumbun yana buɗe, kuma bayan kwafin farko abin da ya ƙaru kaɗai yake ɗauka:

```
repozo -B -r ajiya -f Data.fs
repozo -R -r ajiya -o Dawo.fs
```

Ƙirƙiri foldar `ajiya` kafin ka fara, ta fi kyau a kan filas ko wata na'urar. Layin farko yana ɗauka, na biyu yana dawowa da shi zuwa sabon fayil. Buɗe `Dawo.fs` ɗin, ka kira `adadi()` a kan shagon, ka duba bashin mutum biyu ko uku ka kwatanta da na ainihi. Kuma tunda bayanan `pickle` ne, wanda ke iya kunna umarni yayin lodawa, kada ka buɗe fayil ɗin rumbu da wani ya turo maka idan ba ka amince da inda ya fito ba.